Kafin ka karɓi bashin noma

Ɗana, tunda gonar ta dawo hannunka bana, bari mu yi maganar bashi tun ruwa bai sauka ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. A nan Sudan, daga Mayirno har ƙauyukan Jazira, da wuya ka ga ƙaramin manomin da ya kai kaka bai ranta ba.

Ƙofar da ta fi kusa ita ce shel, abin da 'yan'uwanmu na ƙasar Hausa ke kira falle. Agusta ta yi, ciyawa ta rufe dawa, rumbu ya yi ƙasa, 'yan ƙwadago na jiran kuɗin maimai. Sai ka je shagon ɗan kasuwa. Ya jawo littafinsa daga ƙarƙashin kanta, ya ƙirgo maka kuɗi, ko ya auno sukari da mai, sannan ya rubuta buhunan da za ka kawo da kaka, a farashin da shi ya yanke. Ba ya tambayar takarda, ba ya cewa ka dawo gobe. Ni ba na zagin mai shel, domin daren da yaro ya kwanta da zazzaɓi shi ke buɗe ƙofa. Amma ranar sussuka zai iso da motarsa kafin ka ɗaure bakin buhu, kuma abin da zai ɗauka yakan ninka abin da ya bayar.

Ba lalaci ne ya ɗaure mutanenmu a wurinsa ba. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka raba hawasha, wato gonakin ban ruwa na Jazira, yawancin kakanninmu tsintar auduga suka shigo yi, suka zauna a kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago. Har yau da yawa sharaka suke yi a hawashar wani, a raba gyaɗa biyu. Banki kuwa mai takarda yake gani. Da can hukumar Jazira kan ba mai hawasha kuɗin aikin auduga, ta cire idan an sayar. Bayan sabuwar dokar Jazira ta 2005, manomi ya sami 'yancin shuka abin da ya ga dama, aka kuma bar masa neman kuɗin.

Idan Allah ya ba ka hanyar Bankin Noma, wanda ya fara aiki tun 1959, salam za su yi da kai: su sayi amfaninka yau su biya, ka kai musu da kaka. Ciniki ne halal. Inda nake so ka natsu shi ne cakin da za su ce ka sa wa hannu a matsayin jingina. Cakin da ya dawo babu kuɗi laifi ne a sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991, kuma manoma da dama sun kwana gidan yari a kansa saboda ruwa ya ɗauke ko kasuwa ta faɗi. Ka sa a karanta maka takardar duka, ka tambayi yadda za a gyara farashi idan ya haura sosai da kaka. In kuɗin ya makara har lokacin shuka ya wuce, ka bar musu abinsu.

Tun yaƙin da ya ɓarke a 2023, fam ba ya riƙe darajarsa, saboda haka ka riƙa lissafi da buhu. Buhu nawa gonar ke bayarwa a mugunyar shekara, ba a mai albarka ba? Cire na ci, cire iri, abin da ya rage shi kaɗai za ka ɗora wa bashi. Kada ka ci shel don biki ko sayen waya.

Ciyawar farko kuwa, ka kira gayya, ka dafa shayi da abinci, kai ma ka je ta wasu. Adashin da mahaifiyarka ke zubawa ka roƙa a sa kwasarta a Agusta. In duk da haka sai ka je wurin ɗan kasuwa, tafi da kawunka da liman, a rubuta yawan buhu da girman buhun da ranar biya, kai ma ka riƙe kwafinka.