Lokutan Aikatau a Turanci: Darasi Daga Bakin Gulbin Rima

Ɗalibin sakandare a Wurno, ko Raba, ko Goronyo, yana iya sanin rayuwar sauro tun daga ƙwai har ya yi fiffike, amma ya yi asarar maki a jarrabawar WAEC saboda jimlolin da ya zuba sanin nasa a cikinsu. Da Turanci ake amsa tambayoyin ilimin halittu, kuma sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a. Galibin tuntuɓen kuwa a wuri ɗaya ake yin sa, wato wajen nuna lokacin aukuwar aiki.

Tushen matsalar

A Hausa, zagin aikatau ne ke ɗauke da nauyin lokaci: ya shuka, yana shuka, yakan shuka, zai shuka. A rubuce, kalmar "shuka" ba ta motsa ba. Ko a Sakkwatanci, inda ake cewa "shina zuwa" da "shi yaz zo", sauyin yana faɗawa ne kafin aikatau. Turanci kuwa aikatau ɗin kansa yake taɓawa, wani sa'in kuma ya ƙara masa mataimaki: plants, planted, is planting, will plant.

Bayan haka, abin da Hausa ta fi kula da shi shi ne ko aiki ya kammala ko bai kammala ba. "Gulbi ya cika" na iya zama zancen yau ko na bara, har ma na baɗi, kamar a "in gulbi ya cika". Turanci yana neman siga dabam ga kowanne: has risen, da rose, da if the river rises.

Gaskiya tabbatacciya

Duk abin da yake haka kullum, da aikatau tsura ake faɗarsa: The female Anopheles mosquito transmits malaria. Tarkon da ke nan shi ne Bahaushe cewa yake yi "macen sauro tana yaɗa zazzaɓi", sai "tana" ta ja ɗalibi ya rubuta is transmitting, alhali wannan na nufin yanzun nan take cikin yi. A lura kuma da harafin s: tilo yana ɗaukar sa, jam'i ba ya ɗauka, wato the mosquito transmits, amma mosquitoes transmit. Haka nan "ya san amsa" he knows ne, ba he knew ba, domin sanin yana nan bai gushe ba.

Abin da ya shuɗe

Muddin aka ambaci shekara ko ranar da ta wuce, to shuɗaɗɗen lokaci ya wajaba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, don haka he died in 1837 ake cewa, ba has died ba. Ambaliyar da ta ci ƙauyukan Goronyo a 2010 ma haka: the Rima flooded in 2010. Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauro a 1897: Ross found it. Aikatau irin su find, da grow, da take ba su karɓar ed, sai dai a haddace found, da grew, da took.

Da wannan lokacin ake rubuta rahoton gwaji. A gwajin sitaci, inda Hausa za ta ce "an tafasa ganye, an ɗiga aidin", Turanci zai ce the leaf was boiled, iodine was added. Amma in an zo ga hukuncin da gwajin ya tabbatar, sai a koma ga gaskiya tabbatacciya: green leaves make starch in sunlight.

Abin da ya fara bai ƙare ba

"Manoman Wurno suna noman albasa tun da daɗewa." A nan ma "suna" takan yaudari ɗalibi ya rubuta are growing since. Daidai shi ne have grown ko have been growing, a bi shi da for in tsawon lokaci ake nufi, ko since in mafarinsa ake nufi.

Aikin aji

Yana da kyau malamin kimiyya ya gyara waɗannan kurakurai a littafin ɗalibi, kada ya bar wa malamin Turanci shi kaɗai. Ana iya sa kowane ɗalibi ya jiƙa wake, ya lura da shi har kwana bakwai, sa'an nan ya rubuta jimla uku: abin da ya yi ran farko, da tsawon da tsiron ya kai zuwa yau, da abin da kowane iri ke bukata kafin ya tsira. Kafin ya rubuta kowace jimla, ya fara tantance ko aikin ya wuce, ko ya faro yana nan, ko kuwa kullum haka yake.