Matakan isar da maganar wani da Turanci: yadda aikatau ke ja da baya

A 'Yankuzo, idan aka aiki yaro wajen kawunsa ya dawo, cewa zai yi: "Kawu ya ce yana zuwa." Ko ɗazu kawun ya faɗa, ko bara, "yana zuwa" ɗin nan yana nan daram. Turanci galibi ba ya yarda da haka, kuma a nan ɗalibanmu suke zubar da maki a jarabawar WAEC da NECO. Da Hausa suke tunani, sai hannu ya rubuta He said he is coming. Abin yana min ciwo, domin gyaransa ba wuya.

Mataki na ɗaya: dubi kalmar da ta ɗauko maganar. In says ce, ƙyale aikatau yadda yake. In said ce ko told, to aiki ya taso.

Mataki na biyu: ja aikatau baya taki ɗaya tak. Am da is su koma was, are ta koma were, sell ta koma sold. Ita kuwa sold, da has sold, duk had sold suke komawa. Will ta zama would, can ta zama could, may ta zama might. Would, could da should sun riga sun kai bango, babu inda za su ƙara zuwa.

Mataki na uku: gyara wakilin suna da kalmomin lokaci da na wuri. A ce Musa ya ce: I sold my beans at Tsafe yesterday. Kai da za ka ba da labari bayan mako guda, ba kai ka sayar da waken ba, jiyan Musa kuma ba jiyanka ba ce. Sai ka rubuta: Musa said that he had sold his beans at Tsafe the day before. Ƙirga da yatsa, wuri huɗu aka taɓa. Haka tomorrow ke komawa the next day, here ta koma there.

Mataki na huɗu: gaskiyar da ba ta sauya ba, kana iya barinta. Gusau ce hedikwatar Zamfara tun 1996, har gobe. Don haka Malam said that Gusau is the capital of Zamfara daidai ne.

Ɗalibi, yau da daddare kasa kunne ga hirar gidanku, ka ɗauki jimla biyar ka juya su da said, gobe ka kai wa malaminka ya duba.