Faifan Kwamfuta: Cika Daban, Cunkoso Daban

A shagunan buga takardu na Tudun Jukun da sauran unguwannin Zariya, sau da yawa akan ga kwamfuta ta yi nauyi, ana danna ta tana jan ƙafa. Idan aka buɗe Task Manager na Windows, sai a tarar da 100% a gurbin faifai. Nan take mai shago zai ce faifan ya cika, ya shiga share fayiloli, wani lokaci har da kundin ɗalibin da bai zo ya karɓa ba. Alhali kuwa wannan lamba ba zancen cika take yi ba.

Abin da take aunawa lokaci ne, wato kashi nawa na kowace daƙiƙa faifan ya yi yana karanta bayanai ko rubuta su. Cunkoson ababen hawa a Ƙofar Doka ba ya nufin birnin Zazzau ya rasa masauki. Ƙofar ce aiki ya yi wa yawa. Haka faifai yake, yana iya nuna 100% alhali rabinsa fanko ne.

Dalili kuwa, faifai mai juyawa yana zagayawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, kuma sai allurarsa ta je daidai inda bayani yake, ta jira wurin ya zagayo, sannan ta ɗauko. In babban fayil ne guda da ke jere, aikin ba wuya. Amma in ƙanana ne birjik a warwatse, da ƙyar take kai ziyara ɗari a daƙiƙa, yawancin lokacinta a hanya yake ƙarewa. Shi ya sa ya kamata mai dubawa ya haɗa da lambar da ke nuna megabayit nawa ke wucewa a daƙiƙa. In ta yi ƙasa, lokacin aiki kuma ya kai maƙura, to, a zargi manhajar farautar ƙwayoyin cuta, ko sabunta Windows, ko ƙarancin ƙwaƙwalwar RAM, wanda ke tilasta wa na'ura sauke kayanta a kan faifai. Share fayil ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu. Faifan SSD, da yake ba shi da allura, ya fi jure irin wannan wahala nesa ba kusa ba.

Shi kuwa fili, a taskar fayiloli ake duba shi, kuma nan ma akwai abin da ke haddasa gardama da 'yan kasuwa. Faifan da aka sayo a kan gigabayit 500, Windows za ta ce 465 ne. Ba a yi algus ba, mudu ne ya bambanta. Masu ƙera faifai suna ƙirga gigabayit ɗaya a kan bayit 1,000,000,000, ita kuwa Windows a kan 1,073,741,824, wato 1,024 × 1,024 × 1,024. Ɗalibi ya raba 500,000,000,000 da wannan adadi, zai sami 465 da 'yan kai.