Bargon Ƙyallaye da Aka Ajiye

A ɗakin mata da yawa akwai wani ƙunshi a ƙasan akwati. In aka kwance shi sai a ga ƙyallayen atamfa da na shadda, an yanka su daidai wa daida, wasu an haɗa, wasu suna warwatse. Bargo ne aka fara ɗinkawa. Sai haihuwa ta zo, ko jinya, ko aikin damina, aka ce bari a ajiye sai an samu sarari. Sararin bai zo ba har yaron da aka fara wa bargon ya shiga makaranta.

Irin wannan ɗinki ba baƙo ba ne a wurinmu. Lifidin da ake sa wa dawaki a Hawan Daushe a Kano haka ake yin sa: yadi a sama, yadi a ƙasa, auduga a tsakiya, sannan a bi da allura. A Amurka kuwa, a wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, mata baƙar fata sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin tufafin aikin gona. A 2002 aka baje kolin bargunan a birnin Houston, a 2006 kuma gidan wayar ƙasar ya buga hotunansu a jikin kan sarki. Tsumma ne dai asalinsu.

Idan kin yi niyyar ƙarasa naki, kada ki fara da zare da allura. Fara da dubawa. Shimfiɗa tabarma a inuwa, ki baza komai. Ɗauki kowane ƙyalle da hannu biyu ki ja shi kaɗan. In ya yage cikin sauƙi, ya ruɓe ke nan, ki ware shi don cusa matashi. Ɗaga sauran zuwa haske ki ga ko gara ko ɓera sun taɓa. Nemi allurar da aka bari soke a jiki, domin sau da yawa ta yi tsatsa ta ɓata wurin. Zaren ɗinkin ma yana tsufa. Inda ya tsinke sai a sake bi.

Daga nan sai lissafi, kuma nan ne aikin yakan mutu ko ya tashi. Ɗauko tef ɗin awo. A ce kowane ƙyalle inci 7 ne tsawo da faɗi. Ɗinki yana cin rabin inci a kowane gefe, saura inci 6. Bargon babban mutum mai faɗin inci 48 da tsawon inci 72 yana bukatar ƙyalle 8 a kwance, 12 a tsaye. 8 sau 12 ya zama 96. In kina da 60 masu kyau, saura 36. Kina haɗa 3 kullum, kwana 12 ya ishe ki.

To idan 40 kawai suka tsira fa? Jera 5 a kwance, 8 a tsaye. Kin sami bargo mai inci 30 da 48, daidai na goyo ko na ƙaramin yaro. A ganina wannan ya fi. Yawancin bargunan da ke kwance a akwati burin mai su ne ya yi yawa tun farko: ta so na gadon aure, alhali lokacinta na bargon jariri ne.

Ƙyallayen ciko suna wurin tela. Gaishe shi, ki ce, "Malam, don Allah in an yi yanka a tara mini ragowar." Wani zai ba ki kyauta, wani ya ce ki kawo ɗan abu. Kada ki damu da neman irin atamfar da kika fara da ita, an daina yayinta. Ki dai nemi mai kauri irin nata, don yadi mai nauyi yana yaga mara nauyi a wajen ɗinki. Kuma lallai ki wanke sabon ƙyalle kafin ki haɗa shi da tsoho. Sabon yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, wani kuma yana zuba. Ja da shuɗi su aka fi sani da haka. Jiƙa su daban a roba, ki duba ruwan.

In fuskar bargon ta haɗu, ki goge ta da dutsen guga. Shimfiɗa tsohon zane mai ƙwari a ƙasa, shi ne shafi. Ɗora tsohon bargo mara nauyi ko auduga da aka baza, sannan fuskar a sama. Shafin ya ɗara fuskar da kamar inci 2 a kowane gefe. Kama su ukun da manyan ɗinki na wucin gadi, ki fara daga tsakiya ki nufi gefe. In kika fara daga gefe, tsakiyar za ta tattare. Sannan ki bi da ƙananan ɗinki layi-layi, tazarar faɗin tafin hannu. In auduga kika sa, matso da layukan kusa, in ba haka ba ta cure wuri ɗaya ranar wanki. A ƙarshe ki naɗo ragowar shafin ya rufe bakin, ki kalmashe, ki zare manyan ɗinkin.

Sa wa kanki ranar gamawa, ki rubuta a takarda ki liƙa a bango. Sanyin hunturu yakan fara shigowa a watan Nuwamba, don haka ƙidaya baya daga nan. Kada kuma ki mai da aikin cikin akwati da dare. Bar shi a kwando inda idonki zai riƙa faɗawa kansa, allurar kuwa ki soke ta a ƙyalle daban, nesa da hannun yara.