Saƙar Hannu da Rinin Baba: Abin da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

Duk wanda ya zaga kasuwannin Abuja, kamar ta Wuse ko ta Garki, ko kuwa ya leƙa wuraren da ake baje kayan sana'ar hannu domin baƙi, zai tarar da tufafin gargajiya na kusan kowane sashe na Nijeriya a jere. Ga saƙi da gwado da luru na ƙasar Hausa, ga aso-oke na Yarabawan Iseyin da Ilori, ga adire na Abeokuta, ga saƙar matan Okene da ta Bida da ta Akwete, ga kuma zanen Tibi mai ratsin fari da baƙi. Amma ba duk abin da aka kira saƙar hannu ba ne ya fito daga masaƙa, ba kuma duk baƙin mayafi ba ne ya taɓa shiga rijiyar baba. In mai saye ya kasa rarrabe na ainihi da kwaikwayo, to kuɗinsa zai tafi wajen mai araha, masaƙi da marini kuwa su rasa ciniki, 'ya'yansu su ga babu riba su bar sana'ar.

Ƙasar da aka gina Babban Birnin Tarayya a kanta ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. Kafin doka mai lamba 6 ta ran 3 ga Fabrairu 1976, sunan Abuja na garin da yanzu ake kira Suleja ne, wanda Sarkin Zazzau Abubakar Ja ya kafa cikin 1828. Hausawan Zazzau da suka zauna can sun zo da saƙarsu da rininsu, suka kuma tarar da Gbagyi, watau Gwari, da sauran kabilun yankin suna noman auduga suna saƙa nasu. Har yanzu baƙin zanen saƙi shi ne adon Gbagyi ranar biki. Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991, sai birnin ya zama matattarar masu halin saye, manyan ma'aikata da jakadu da baƙin ƙasashen waje, alhali gwanayen aikin suna can cikin garuruwa da ƙauyuka, ba su ganin mai saye, shi ma ba ya ganinsu.

Daga gona zuwa masaƙa

Aikin yana farawa ne a hannun mata. Bayan an tsinko auduga sai a gurje ta a kan dutse da ɗan ƙarfe a fitar da angurya, sa'an nan a shiɓe ta da baka har ta yi laushi, a naɗa ta sutu-sutu. Daga nan sai kaɗi. Mai kaɗi tana murza mazari da yatsu, tana shafa alli don kada hannu ya yi santsi, tana jan audugar a hankali. Iri biyu take fitarwa: zare, wanda aka murɗe sosai don ya jure ja, da abawa mai kauri da taushi. Da zare ake wadari, watau jeren tsaye na tufa, abawa kuwa ita ke ratsawa. Kaɗi ya fi kowane mataki cin lokaci, domin abin da masaƙi zai cinye cikin 'yan kwanaki, mace ɗaya takan yi makonni tana kaɗa shi tsakanin aikin gida. Wannan ne babban dalilin tsadar tufar da aka yi da zaren hannu, shi ne kuma ya sa yawancin masaƙa a yau suka koma ga zaren kanti.

Masaƙa iri biyu ce. Ta maza a kwance take: masaƙi yana zaune, wadarinsa ya miƙe nesa a gabansa an ɗaure shi jikin kunkuru, watau abin da aka ɗora wa dutse don zaren ya tsaya a ɗame. Yana taka allira da ƙafa zaren ya buɗe, ya jefa ƙoshiya mai ɗauke da kwarkwaron abawa ta wuce, ya buga, ya sāke takawa. Abin da ke fitowa siriri ne, galibi faɗinsa wajen inci huɗu, sai an yanka shi an jera an ɗinka gefe da gefe kafin ya zama zane ko mayafi ko riga. Ta mata kuwa a tsaye take, jingine da bango cikin gida, tana ba da tufa mai faɗi wadda falle biyu ko uku suka isa zane. Ita ce ke fitar da gwado da majanyin goyo.

Abin da ke faruwa cikin rijiyar rini

Baba tsiro ne da ake shukawa a gona, sau da yawa tare da hatsi. A sassan da suka fi ruwan sama, kamar kewayen Abuja da ƙasar Nufe da ta Yarabawa, akan yi amfani da ganyen talaki, wanda shi ma shuɗi yake bayarwa. Ana yanke baban, a tara shi ya ruɓa kaɗan, a shanya. Rijiyar kuwa, wadda zurfinta ya wuce tsawon mutum, ana shafe cikinta da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Ana haɗa lason da katsi, watau laka da ke kwanta a ƙasan tsohuwar rijiya, wadda ake kwasowa a shanya a ƙona. Ta haka tsohuwar rijiya ke ba da abin gina sabuwa, babu abin da ake zubarwa.

Marini yakan cika rijiya da ruwa, ya zuba baba da toka da katsi, ya bar su kwanaki gwargwadon zafin gari, sa'an nan ya shiga motsawa da doguwar muciya har kumfa mai shuɗi ta taso. Masana kimiyya sun bayyana dalilin wannan jira. Launin baba ba ya narkewa cikin ruwa, saboda haka ba zai shiga zare ba sai an sāke masa hali. Ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke rayuwa cikin ruwan toka, su ke cinye iskar da ke cikin ruwan, su mai da launin ya zama mai narkewa. Shi ya sa in aka tsamo tufa daga rijiya sai a gan ta kore-kore, amma da iska ta buge ta sai ta rikiɗe shuɗiya a gaban idon mai kallo, launin ya koma halinsa na farko, ya maƙale cikin zaren. Tsomawa ɗaya shuɗi mai haske take bayarwa. Baƙi ƙirin kuwa sai an yi ta tsomawa ana shanyawa, sau da yawa. Marinin kirki ba ya bukatar ma'auni, da wari da kamannin kumfa yake gane ko rijiya ta nuna, ko ta gaji, ko ta mutu.

In ana son zāne a jikin tufa, mata ke ɗaure wurare da zare tun a gida kafin a kai marina, inda aka ɗaure ya fito fari. Bayan rini sai mabuga, inda ake ɗora tufa kan gungume a yi ta dukanta da manyan tabarya har ta kwanta ta yi sheƙi. Ba shuɗi kaɗai itatuwa ke bayarwa ba: saiwar rawaya da gangamau suna ba da ruwan ɗorawa, karan dafi yana ba da ja, ko da yake dukawa sun fi masu tufa amfani da shi. Amma babu wanda ya kai baba riƙe zare.

Girman da sana'ar ta taɓa yi

Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ita ce ta fi suna, amma ɗaya ce kawai daga cikin karofi masu yawa da suka cika ƙasar Kano da Zazzau da Katsina. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya iso Kano cikin 1851. Ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a can sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, kuma abin da ke tafiya Tambutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300. Ya ce ana kai su Gat da Murzuk da Tarabulus, da Barno da Adamawa, har bakin Tekun Atlantika.

Garin Kura, kudu da Kano a kan hanyar Zariya, shi ya shahara da turkuɗi da rawani ɗan Kura. Ana saƙa su da sirin da bai kai faɗin yatsa biyu ba, a ɗinka da yawa wuri guda, a rina har su yi baƙi, a buga da garin shuni sai sun riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Buzayen Agadas da na cikin Sahara sun daɗe suna sayensu da tsada, shunin da ke zuba a fatarsu kuwa ado ne a wurinsu.

Abu biyu suka karya wannan ciniki. Na farko yadin masaƙun Manchesta ta Ingila, wanda ya malalo Arewa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. Na biyu shunin bature, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa cikin 1897, har ya durƙusar da noman baba a Indiya cikin ƙasa da shekara ashirin. Daga baya Nijeriya ta kafa nata masaƙun zamani, aka buɗe ta Kaduna cikin 1957, wasu suka biyo a Kano da Ikko da Funtuwa. Abin lura shi ne yawancin waɗannan manyan masaƙu sun rufe cikin shekarun 1990 da na 2000, da yadin waje mai araha da ƙarancin lantarki suka fi ƙarfinsu, amma masaƙin gindin bishiya yana nan, ko da yake ya ragu ƙwarai. Shi ba lantarki yake jira ba, kuma abin da yake fitarwa inji bai iya yin irinsa sak ba.

Yadda za a rarrabe

Kayan da ke kasuwa hawa-hawa ne. Akwai wanda aka kaɗa da hannu, aka saƙa da hannu, aka rina da baba, shi ne mafi tsada da wuyar samu. Akwai saƙar hannu da zaren kanti. Akwai yadin kanti, kamar shadda, wanda aka ɗaure aka rina a gida. Akwai kuma wanda inji ya buga wa hoton saƙa a ƙasar waje. Babu laifi ga sayar da kowanne, mai ƙaramin ƙarfi ma yana da hakkin yin ado. Laifin shi ne a sayar da na ƙasa da sunan na sama, wannan kuwa algus ne. Dokar kare hakkin masu saye ta 2018 ta hana siffanta kaya da abin da ba shi ba ne, hukumar da ke kula da ita kuma a Abuja hedkwatarta take.

Mai saye ya fara da juya tufar. In saƙa ce, zānen yana nan ciki da waje, in bugu ne sai bayan ya fito fari-fari. Ya duba mahaɗin siraran: na ainihi ɗinki ne da yatsa ke ji, kowane siri da gefensa, na kwaikwayo kuwa layi ne kawai aka zāna. Ya ɗaga ta wajen haske, domin zaren hannu ba ya zama daidai, wani wuri kauri wani wuri siriri, na inji kuwa sumul yake. In mai kaya ya yarda, a zare silin zare guda a ƙona: auduga takan ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, zaren roba kuwa narkewa yake ya dunƙule.

Rini ya fi wuyar ganewa. Shunin bature da na baba abu guda ne a wajen masana kimiyya, ido kaɗai ba ya raba su bayan an wanke tufa. Sabon rinin rijiya yana da warin toka da ruɓaɓɓen ganye, kuma launinsa yakan ɗan bambanta daga wannan gefe zuwa wancan, amma waɗannan alamu ne, ba hujja ba. Zubar launi ma ba ta nuna jabu, tun da ɗan Kura na ainihi ya fi kowa zuba. Abin da ido ke kamawa shi ne galura: kore shar, da ja wur, da ruwan hoda mai ɗaukar ido ba daga baba suka fito ba. Saboda haka tambaya ita ce makamin mai saye. A wane gari aka saƙa? A wace marina aka rina? Ɗan kasuwar da ke hulɗa da masu aikin zai amsa ba tare da inda-inda ba. Ya fi kyau ma a sayi kaya hannu da hannu, a marina, ko a bukukuwan baje koli irin waɗanda Hukumar Raya Al'adu ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1975, takan shirya, inda jihohi ke kawo masu sana'arsu.

Su ma marina da suka koma ga rinin zamani akwai abin da ya kamata su kiyaye. Sodar da ake haɗa shi da ita tana cin fata tana kuma lahanta ido, don haka a sa safar hannu ta roba, a nisanta yara, kada kuma a tuttular da ruwan a kwatar da ke bi kusa da rijiyar sha.

Wanda ya sami mayafin baba na ainihi ya wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, kada ya jiƙa shi ya kwana, kada ya sa masa maganin fari. Ya shanya a inuwa. Wankin farko da na biyu za su fitar da shunin da ya zauna a bayan zare, daga nan launin ya tsaya. Mai sheƙin bugu kuwa, irin rawani ɗan Kura, ba a sa shi a ruwa: a naɗe shi cikin takarda a ajiye wuri busasshe, in sheƙin ya dushe a mayar da shi mabuga.