Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Gane Rinin Kore a Kan Kayan Wanki

A 'yan shekarun nan kwalaye da robobin garin sabulu, da ruwan wanke kwanuka, da maganin goge ɗaki, sun cika da hoton ganye da koren launi, tare da iƙirarin cewa ba su cutar da muhalli. Irin wannan kaya yakan fi takwarorinsa tsada. Saboda haka dillali da mai kanti da mai otal da mai wanki da guga, kowannensu yana bukatar sanin ko ƙarin kuɗin yana da dalili.

Rinin kore shi ne kamfani ya yi wa kayansa tallar kare muhalli alhali kuwa bai sake kome na a-zo-a-gani a cikin kayan ba. Wani Ba'amurke mai suna Jay Westerveld shi ya laƙaba wa ɗabi'ar suna a cikin 1986. Tushen matsalar a fuskar tattalin arziki shi ne, mai saye yana iya gwada kumfa da ƙamshi, amma ba ya ganin abin da ruwan wanki ke yi bayan ya bi lambatu. Mai masana'anta ne ya san wannan. Idan babu mai bin diddigi, sai mai gaskiya da mai ƙarya su sayar a farashi ɗaya, mai gaskiya kuwa shi ke kwana ciki, domin kayansa sun fi cin kuɗi wajen sarrafawa.

Wani nazari da Hukumar Tarayyar Turai ta yi a cikin 2020 ya nuna cewa kashi 53 daga cikin ɗari na irin waɗannan iƙirari suna da harshen damo, ko suna ruɗar da mai saye, ko ba su da tushe. A cikin 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta Ingila ta hana wata tallar sabulun Persil na kamfanin Unilever, wadda ta ce sabulun ya fi sauƙi ga muhalli, domin kamfanin bai kawo hujjar da ta shafi kayan tun daga sarrafawa har zuwa zubar da robarsa ba.

Abu na farko da mai saye zai duba shi ne jerin sinadarai. Fosfet yana taimaka wa sabulu cin datti a ruwa mai gafi, amma idan ya malala cikin kogi ko tafki sai ya zama taki ga gansakuka. In ta ruɓe sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Wannan ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a sabulun wankin tufafi tun daga 2013. Kayan da aka yi wa ado da ganye amma aka ɓoye jerin sinadaransu, abin tuhuma ne.

Na biyu shi ne tambari. Akwai wanda wata hukuma mai zaman kanta ta bayar bayan bincike, kamar Blue Angel na Jamus da aka fara a 1978, da tambarin furen Tarayyar Turai na 1992. Akwai kuma wanda kamfani ya zana wa kansa, wannan kuwa bai wuce yabon kai ba. Lambar rajista ta Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, wajibi ce a kan sabulun wanki a Nijeriya, sai dai izinin sayarwa ce, ba shaidar kare muhalli ba.

Na uku, a lura da gaskiyar da ba ta da amfani. Gwangwanin feshi da ke alfahari da cewa babu sinadarin CFC a cikinsa bai yi wani abin yabo ba, tun da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta riga ta kawar da shi. Haka kuma kalmar "na gargajiya" ba hujja ce ba. Sabulun salo da toka da mai ake yin sa, amma akan sami mai gauraye. A kuma kiyaye haɗa ruwan bilic da maganin wanke masai mai asid, domin yana fitar da iska mai guba.

Na huɗu shi ne lissafi. Kuɗin kowane wanki ake dubawa, ba kuɗin roba ba. Alal misali, robar Naira 3,000 da ke yin wanki 30 ta fi ta Naira 2,000 mai wanki 15 araha, watau Naira 100 a kan Naira 133, ga shi kuma ta rage yawan robar da ake zubarwa tana toshe magudanan ruwa.

Doka ma ta shigo cikin lamarin. Dokar gasa da kare haƙƙin mai saye ta Nijeriya ta 2018 ta haramta bayanin ƙarya ko na yaudara a kan kaya. Tarayyar Turai kuma ta zartar da doka a 2024 wadda ta hana iƙirarin kare muhalli na gaba ɗaya ba tare da hujja ba, abin da ya shafi masu fitar da sabulu zuwa can. Ya kamata ɗan kasuwa ya nemi takardar shaida daga mai kawo masa kaya kafin ya biya ƙarin ko kwabo, domin idan asiri ya tonu, a kantinsa mai saye zai fara tsayawa.