Baƙo a Funtua: Darasi Domin Saurayi Wanda Ya Sami Aikinsa na Fari

Ya ɗan'uwa, ga shi ka sami aiki. Ka ɗaure kayanka, ka yi ban kwana da mutanen gida a ƙauyenku na ƙasar Malumfashi ko Kafur, ka hau mota, ka wuce Bakori, ka sauka a Funtua. Muna murna tare da kai. Amma akwai magana ɗaya wadda mu ke so ka riƙe tun ba ka kwance ƙunshinka ba.

A ƙauye kowa ya san ka. Kadan ka yi abin kunya da hantsi, kafin azahar ya kai kunnen kawunka. Wannan sani kamar darni ne kewaye da gona: mai gona ba ya tuna da shi, amma shi ke tsare shuka daga awaki. A birni babu darnin nan. Mutum ya iya fita da dare, ya komo da asuba, ba mai tambayarsa. Samari da yawa sun ce da wannan 'yanci. Bayan shekara guda aka iske su cikin bashi, aiki ya kuɓuce, kunya kuwa ta hana su komawa gida. Ba su fi ka mugun hali ba. Sun zauna ne inda ba a san su ba, su kuma ba su nemi a san su ba.

Kada dai ka ji tsoron garin, gama Funtua garin baƙi ne. Maska ita ce tsohon gari, har yau kuwa Sarkin Maska a ke ce da hakimin Funtua. Auduga da jirgin ƙasa su suka tara jama'a: Turawan kamfanin BCGA suka kafa injin gurzar auduga, hanyar jirgi kuma ta taso daga Zariya, ta bi ta nan, har ta kai Ƙaura Namoda a 1929. Daga baya aka kafa masaƙa a 1978. Dattijon da ka gani a kasuwa da babbar rumfa, watakila ubansa ya shigo garin nan da tabarma ɗaya a kafaɗa, kamar yadda ka shigo.

Fataken dā sun san wani abu wanda ya kamata ka koya. Ba su shiga gari sai sun nemi mai masauki, wanda zai ba su ɗaki, ya nuna musu mai gaskiya da macuci, ya tsaya musu kadan rigima ta tashi. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Kai fa mai masaukinka ikkilisiya ce. Tun kana gida ka roƙi fastonku ko dattawa su ba ka takarda. Ran Lahadi ta fari, ba ta biyu ba, ka kai ta da hannunka, ka faɗi sunanka, da sunan ubanka, da inda ka ke aiki, da inda ka ke kwana. Watakila ka tarar da masu bi na kabilu dabam dabam, ana sujada da Turanci, ka ji kamar ba wurinka ba ne. Ka tambayi inda a ke yi da Hausa. An buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa tun 1932, ba kuwa abin kunya ba ne mutum ya yi addu'a da harshen da uwarsa ta koya masa. Ka zaɓi dattijo ɗaya mai natsuwa, ka ba shi izini ya riƙa tambayarka abin da kawunka zai tambaya.

Sai maganar albashi, a nan ne ƙafa ta kan zame. A gida ka saba da rumbu: an girbe masara da dawa sau ɗaya a shekara, mai gida kuwa ya san mudu nawa za a ɗiba kowace rana har kaka ta zagayo. Kuɗi ba su da nauyi kamar dami, ba a ganin raguwarsu. A birni kuma kome na saye ne, har ruwan sha da itacen girki. Ranar da aka biya ka, kafin ka sayi kome, ka zauna ka raba: na baiko, na abinci, na haya, na iyaye, da ɗan abin ajiya. Haya musamman, gama masu gidaje da yawa na shekara su ke karɓa gaba ɗaya, wanda bai tara wata wata ba kuwa sai ya ci bashi. Akwai caca ta cikin waya, akwai masu ba da rance ta waya da ruwa mai yawa. Dukansu biyu suna zuwa wurin mutum da dare, sa'anda ya ke shi kaɗai. Kadan kana son sabuwar riga, jira wata uku. Rigar ba za ta gudu ba.

Ka tuna da Yusufu ɗan Yakubu. An kai shi Masar yana saurayi, ba uba, ba ɗan'uwa, ba mai jin harshensu. Ubangidansa ya danƙa masa dukan abin da ya ke da shi. Sa'anda jaraba ta zo, ba kowa a cikin gidan. Duk da haka ya ƙi, domin ya sani Allah yana gani. Lura kuma, gaskiyarsa ba ta kai shi ga girma nan da nan ba, kurkuku ta fara kai shi. Ba mu yi maka alkawari ba cewa kadan ka ƙi rage mudu, ko ka ƙi sa hannu a takardar ƙarya, za a yabe ka. Mai yiwuwa abokan aiki su yi maka ba'a, su ce baƙauye. Ka jure. Ka zo aiki a kan lokaci, kada ka taɓa ko allura ta maigidanka.

Yawancin maƙwabtanka Musulmi ne. Waɗansu za su yi mamaki su ga Bahaushe Kirista. Kada ka ɓoye, kada kuma ka nemi gardama. Ka gai da manya da ladabi irin na gida, ka je gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, cikin watan azumi kada ka tsaya cin abinci a gabansu da rana. Kadan wani ya tambaye ka dalilin bangaskiyarka, ka amsa da tawali'u gwargwadon abin da ka sani.

Kewar gida za ta zo, ta fi zuwa da magariba, lokacin da hayaƙin tuwo ke tashi a gidajen mutane, kai kuwa ɗakinka shiru. Ba zunubi ba ne, ba kuwa alama ce ta cewa ka yi kuskuren zuwa ba. A wannan sa'a kada ka zauna kai kaɗai, kada kuma ka bi duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Tashi ka tafi gidan dattijon nan, ko ba ka da magana, ka zauna a tabarmarsa. Kowace Lahadi da yamma ka kira tsohuwarka a waya, ka gaya mata gaskiyar yadda ka ke. Sa'anda kaka ta yi, ka nemi izinin kwana biyu wurin maigidanka, ka je ka taya su ɗaurin dawa.